Igiyar Akuyata Ta Gajarce

Ciyawa na fara gani da na shigo gida. Ta fito kore shar a bayan ɗakin Inna, ta yi zobe ta kewaye turken akuyata, a wurin da ban taɓa ganin tsiro ba tun da na yi wayo. Akuyar da ke ɗaure takan tattake ƙasa iyakar inda igiyarta ta kai, sai wurin ya zama fili fes kamar an share. Wannan filin ne na tarar ya tsuke. Tsohon zagayen yana nan ciyawa ta rufe shi, a tsakiya kuma ga wani ɗan ƙarami, baƙi, duk caɓi. Akuyar na tsaye a ciki ta miƙa wuya tana neman ganyen da bakinta ba ya kaiwa.

Ranar aka ba mu dogon hutu. Ina aji biyu a ƙaramar sakandare a Dutsin-Ma, ina zaune wurin Gwaggo, sai hutu nake komawa ƙauyenmu a yankin Birchi. Yaya ne ya ɗauko ni a babur ɗinsa na kabu-kabu. Jakata na goye a bayana, ko gaisuwa ban yi ba na tsaya ina kallon turke.

Akuyar tawa ce, kowa a gidan ya sani. Kakana ya ba ni ita tana ƙarama, shekarar da zai rasu. Ja ce mai farin goshi, kunnenta na hagu da ɗan tsagu. Shi ya tufka mata igiya da zaren buhunan taki. Ina zaune gabansa ya warware buhunan, ya maƙale bakin zaren a babban yatsan ƙafarsa yana murzawa a cinya. Yawancin zaren fari ne, amma ya saka kore ɗaya da ja ɗaya suna bin juna tun daga farko har ƙarshe. Da ya gama ya kai bakin igiyar kan garwashi ya narke ya dunƙule, ya ce haka ba za ta warware ba. Ya auna tsawonta yadda akuyar za ta iya shiga gefen rumfa in hadari ya taso, ba tare da ta kai wurin ragon Baba da ke ɗaure a can ciki ba, don ragon mai karo ne.

A wajenmu da zarar shuka ta fito mai shela yakan zaga ya ce kowa ya ɗaure dabbarsa. Daga ranar babu akuyar da za ta sake taka waje sai an kawar da amfanin gona. Duk tsawon damina igiya ce gidanta, ita ce yawonta. Ga shi kuma akuyata ciki gare ta, har ya fito sosai.

Na je na durƙusa na gaida Inna a bakin murhu. Ta tambayi Gwaggo da jarrabawa, na amsa. Sai da na daɗe ina wasa da bakin hijabina sannan na ce, “Inna, igiyar akuya ta rage tsawo.”

“Ta rage?” Ta leƙa ta bayan ɗaki. “Haka take dai.”

“Da tana kaiwa rumfa.”

“To ai kin ga na matsa mata da kaskon ruwanta. Tashi ki cire kayan makarantar nan ki ci abinci.”

Wannan maganar ta fi komai ƙona mani rai. Ashe an gani. An lura bakinta ya daina kaiwa ga ruwa, sai aka jawo kaskon kusa, aka bar igiyar yadda take. Na tashi na shige ɗaki. Ni dama ba mai magana ba ce. A makaranta ma in na san amsa sai in rubuta a gefen takarda in tura wa ta kusa da ni ta ɗaga hannu.

Washegari da hantsi aka yi ruwa mai ƙarfi. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san akuya ba ta ƙaunar ruwan sama. Tun ɗigon farko ta nufi rumfa da gudu, igiya ta fizgo ta ta dawo. Ta sake, ta sake. Daga baya ta haƙura ta tsaya ta takure, ta juya wa iska baya, ruwa na bin gashinta yana zuba ta ƙarƙashin cikin. Rago na kwance a busasshen wuri yana tuƙa. Na ɗauki tsohon buhu na fita na rufa mata, na tsaya riƙe da shi don kada iska ta ɗauke. Inna ta yi ta kira daga ɗaki wai zan jawo wa kaina zazzaɓi. Da ruwan ya ɗauke na duba wuyanta, na ga igiya ta cinye gashin wurin, fata ta yi ja. Da yamma na ji tana tari.

Na roƙi Inna a sayo sabuwar igiya. Ta ce a bari ranar kasuwa Yaya ya taho da ita. Ranar kasuwa ta zo, Yaya ya dawo da rake da cajar waya, ya dafa goshi ya ce shaf ya manta. Na gwada girgiza turken ko zan iya matsar da shi, na ji kamar a ƙasan ya tsiro. Kakana ne ya kafa shi, icen ƙirya ne.

Akwai aikin hutu da Malamar Turanci ta ba mu. Kalmomi ta rubuta a allo ta ce mu nemo kishiyoyinsu mu haddace, ranar dawowa za ta tambayi kowa a tsaye. A ciki akwai stretch da lengthen, wato miƙa abu da ƙara mashi tsawo. Da za ta bayyana mana, sai ta ciro robar ɗaure gashi ta ja ta har ta yi siriri, sannan ta saki ta koma yadda take. Na samo nawa a ƙamus ɗin ɗiyar Gwaggo tun kafin in taho: shorten, shrink, reduce, contract. Kullum da safe in na kai wa akuyar dusa sai in zauna kan turmi kusa da ita ina maimaita su. Ina faɗa ina kallon igiyar, ina tuna robar Malama da ta koma daidai don kanta. Har haushin kalmomin na riƙa ji. Na iya faɗin gajarta abu iri-iri da harshen da babu mai jin sa a gidanmu, amma na kasa buɗe baki da Hausa in tambayi wanda ya yi.

A nan zaune na lura da bakin igiyar da ke ɗaure a turke. Dunƙulen nan da kakana ya ƙona babu shi. Bakin a yanke yake da wuƙa, zaren ya fara bajewa kamar gemun masara. Wato kwance ta ake yi daga turke, a yanka, a mayar a ɗaure.

Daga ranar idona ya koma neman kore da ja. Ban sha wuya ba. Guntu na farko a ƙofar akurkin kajin Inna na gan shi, an ɗaure murfin da shi, bai wuce kamu ɗaya ba. Na biyu yana hannun bokitin wanka, inda ƙarfen ya cire. Na uku da na huɗu suna bayan babur ɗin Yaya, da su yake ɗaure kayan fasinja.

Na sami Inna tana tankaɗe, na nuna mata akurki da yatsa.

“Wannan? Ɗan kaɗan ne na yanka, muzuru ya dame ni. Na bokitin ma ni ce. Abin da bai kai taƙi biyu ba shi kike ta kumbure-kumbure a kai tun da kika zo?”

Yaya kuwa yana wanke babur a ƙofar gida na je na tsaya. Na daɗe a tsaye bai kula ba, sai da ya ɗago.

“'Yar boko, lafiya kika tsaya mani a kai kamar mai karɓar haraji?”

“Yaya, wannan igiyar akuyata ce.”

“An rubuta sunanta a jiki?”

“Ta Kaka ce. Ga kore da ja nan.”

Ya duba, ya yi dariya. “Wallahi idonki kamar na shaho. Wata mata ce ta tare ni da buhun gero za ta Kurfi, robata ta tsinke. In bar ta a hanya saboda akuya? Ɗan kaɗan na yanka.”

“Sau biyu.”

“To sau biyu. Ai ba tafiya Makka za ta yi ba, tana nan tsaye wuri ɗaya. Mi za ta yi da doguwar igiya?”

Kowa ɗan kaɗan ya yanka. Babu wanda ya zauna ya ce bari in hana dabbar nan inuwa, kuma babu wanda yake jin ya yi wani abu. Da mutum ɗaya ne ya yi don mugunta da na san wanda zan ƙullata. Na koma bayan ɗaki, na tsuguna ina cire wa akuyar ƙaya daga gashi don kada a ga fuskata.

Na yanke shawarar in mayar mata da abinta. Na ɗaure akurki da tsumma na kwance guntun Inna. Na bokiti ma na sa waya a madadinsa. Na Yaya sai da na jira ya shiga barcin rana sannan na kwance su, na bar mashi tsohuwar robar tayar keke a wurin. Na jera su a ƙasa na auna da tsohon zagayen, na ga har yanzu da saura. Wani babban guntu ya ɓace, ya kai gaba guda, kuma shi ne mai ƙonannen baki. Na duba rijiya, na duba rumbu, na duba inda ake rataye galma, ban gan shi ba.

Na ƙulla waɗanda na samu ɗaya bayan ɗaya, na ja da iyakar ƙarfina, na taka da ƙafa na sake ja. Da na sake ta, akuyar ta tafi a hankali kamar ba ta yarda ba, tana jiran fizgar da ta saba. Ba ta ji ba. Ta sa kai cikin ciyawar nan ta zobe ta fara ci. Kanta da ƙafafunta na gaba suna shiga inuwar rumfa, bayanta na waje. Ranar na ci tuwo da yawa har Inna ta tambaya ko lafiya.

Zaren buhu santsi gare shi, in ya jiƙe kuma ya fi. Kwana biyu bayan haka aka yi yayyafi tun asuba. Muna cikin ɗaki muna tsince shinkafa sai muka ji sallamar Malam maƙwabcinmu, mai makarantar allo, daga ƙofar gida. Ba ya shigowa, kuma bai taɓa yin sallama a irin wannan lokacin ba. Na leƙa bayan ɗaki na ga turke da guntuwar igiya kwance a caɓi. Ƙulli ɗaya ya zame.

Akuyar ta bi ta ɓarakar darnin kara ta shiga gonar bayan gidan Malam, inda wakensa ya fara yaɗo. Ta cinye waken kunya biyu tas, ta tattake wasu. Malam da kansa ya riƙo ta ya kawo zaure. Ina laɓe a bayan ƙofa ina jin su da Baba.

“Wallahi Alhaji ba ƙara na kawo ba. Dabba ce, ba ta da hankali. Na dai ce a duba ɗaurin, kada ta faɗa gonar wanda ba za a ji daɗi ba.”

Baba ya yi ta ba da haƙuri, ya ce a je a duba ɓarnar ya biya. Malam ya ce Allah ya kiyaye, tsakaninsu babu wannan. Na san hakan ya fi yi wa Baba ciwo. Shi ne mutumin da duk damina yake tsayawa bayan sallar Magariba yana faɗa a kan masu sakaci da dabbobi. Ko sati biyu ba a yi ba da ya sa wani mutum ya zo ya kama tumakin da ya saki, a gaban jama'a.

Da Malam ya tafi Baba ya shigo riƙe da igiyar, ƙulle-ƙullena na reto. Bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa.

“Wa ya yi wannan?”

Inna ta dube ni. Na sunkuyar da kai.

“Injiniya ce,” in ji Yaya daga bakin rijiya. “Daga Dutsin-Ma aka turo ta gyaran igiya. Ni ma ta kwance mani na babur, jiya sai da kwandon tumatir ya kusa zubewa.”

“Da kin bari an sayo sabuwa,” Inna ta ce a hankali.

Baba ya kwance guntayen ya zubar a ƙasa, ya mayar da akuyar kan guntuwar igiyarta ta da, ya ƙara nannaɗa ta sau ɗaya a turke don ta yi ƙarfi. Zagayen ya ƙara tsukewa. Ya ce akuyar da ta ɗanɗana waken mutane ba za ta daina nema ba, shi kuma ba zai sake tsayawa yana ba da haƙuri a ƙofar gidansa ba. Ranar kasuwar Dutsin-Ma Yaya ya kai ta a sayar.

“Da cikin nata?” Inna ta tambaya.

“Da shi. Ai ya fi daraja.”

Ina tsaye a wurin, babu wanda ya tambaye ni dalilin da ya sa na ƙulla. Mutum biyu da suka yanka igiyar suna tsaye suna kallona kamar ni kaɗai na taɓa ta. Wadda aka ci wa igiya ita za a sayar, wadda ta yi ƙoƙarin mayarwa ita ce mai laifi. Na tsince guntayen daga caɓi na wanke su na ɓoye a jakar makaranta. Kwanakin da suka biyo baya ban yi wa Yaya magana ba, ko ruwa ya ce in miƙo sai in ajiye a ƙasa kusa da shi. Ya ce wai gaba nake da shi saboda akuya, zai sayo mani 'yar tsana a madadinta. Littafin Turanci ma ban sake buɗewa ba.

Ana gobe kasuwa, bayan la'asar, Inna ta ba ni kunu in kai wa Baba zaure. Yana zaune kan buzu yana sauraron rediyo. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara shigo da ƙasa.

“Uwata, sauke mani asabarin nan,” ya ce. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mani.

Asabarin yana naɗe a saman ƙofa, sai na yi ɗage na kama igiyar da ke riƙe da shi. Kafin in gani hannuna ya gane. Wani dunƙule mai tauri ya taɓa tafina, santsi kamar ƙwallon dabino. Na ɗaga kai. Fari, da kore da ja suna bin juna, an ninka ta biyu saboda tsawonta. Kullum ina wucewa ta ƙarƙashinta, amma a zauren Baba kaina a ƙasa yake, ban taɓa duban sama ba.

Guntun da ke da ƙonannen baki shi ne ƙarshen igiyar na asali. Duk wanda ya yanke shi shi ya fara yanka, sauran bayansa suka bi, da suka ga an riga an taɓa.

Na sauke asabarin. Na koma cikin gida na ɗauko guntayen nan huɗu daga jaka, na dawo na durƙusa. Na jera su a gefen buzunsa, ƙanana a gaba. Ya rage muryar rediyo.

“Mi ke nan?”

“Wannan na akurkin Inna ne. Wannan na bokiti. Waɗannan biyun na babur ɗin Yaya.” Muryata ta fito ƙarama, kamar ba tawa ba. “Da su duka tana kaiwa rumfa. Da aka yanke, ruwa a kanta yake ƙarewa. Shi ya sa na ƙulla.”

Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu. “To ai ko an haɗa waɗannan ba za su kai rumfa ba.”

Na ɗaga ido na dubi ƙofa, inda igiyar asabari ke lilo a iska. Ya bi idona da kallo. Ya daɗe yana kallonta. Na ji ɗigon farko ya faɗi a kan kwanon zaure, daga bayan gida kuma akuyar ta fara kuka.

“Tun farkon damina ne,” ya ce, ba ni yake kallo ba. “Iska ta tsinke ta da. Na ga tana da tsawo.”

Ya kashe rediyon gaba ɗaya. Ya tattara guntayen wuri ɗaya da gefen hannunsa, ya sake baza su.

“To, Uwata, faɗi. Mi kike so a yi?”

Na dafa ƙasa da hannu biyu.

“Baba, don Allah kada a kai ta kasuwa gobe. Kuma a kwance mani wannan ta asabarin, ka ƙulla mata su da hannunka kafin ruwan nan ya sauko.”